Himoglobin a saman tsauni: ina na ɓace?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Kwana uku ke nan wannan batu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga jarrabawa ta ƙarato.

Na gane cewa zafi, yawan kabon dayoksaid da faɗuwar pH (wato ƙaruwar asid a jini) suna sa himoglobin, furotin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya sassauta riƙon oksijin, tsokar da ke aiki ta samu rabonta.

Inda na cije shi ne 2,3-BPG, wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini da shi ma ke sa himoglobin ya sassauta riƙon oksijin. Mutum ya hau tsauni, oksijin ya yi ƙaranci, sai jiki ya ƙara 2,3-BPG, riƙon ya ƙara rauni. To a huhu fa, ba asara aka yi wajen ɗauka ba? Alhali ɗan tayi, shi ma cikin ƙaranci yake, amma P50 ɗinsa (matsin oksijin da ke cika rabin himoglobin) kusan 19 ne, na babba 27, wato nasa riƙon ya fi ƙarfi. Don Allah a warware mini.