Musayar Waƙa: Sharlaman Sarkin Farankawa, Gwarzo ko Mahauci?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya Gimbiya ta yi mana gori, wai mu Kanawa ba mu iya waƙe kowa ba sai mai kuɗi. To ga sarkin da ba shi da ko rumfa a Kwari: Sharlaman na Farankawa, waɗanda suka mulki yankin Faransa da Jamus na yau, wanda ya hau gado a 768 ya rasu a 814. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa". Mai ji da kansa ya shigo.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
In waƙe wa zakin ƙasar Turawa.

Ubansa Pepin, gajere yake,
Ya haifo dogo abin dubawa.

Da shi da ƙanensa aka bar wa gado,
Ƙanen ya wuce sai ƙasa tai haɗewa.

Ya haura duwatsu ya auka wa Lambad,
A Pabiya sarki ya zo durƙusawa.

Ya je Rum ya ceci Fafaroma Liyo,
Aka sa masa kambi ana ta yabawa.

Daga Tekun Arewa ka gangara Rum,
Ina wanda zai iya tunkarawa?

Pabiya, babban birnin Lambad a arewacin Italiya, ta faɗi a 774, naɗin kuma ranar Kirsimeti ta 800 aka yi shi, kada wani ya ce ƙirƙira na yi.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara basira, Alhaji! Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Zagezagi sai a je a kwanta.

Gimbiyar Zazzau:
Wa alaikumussalam. Baban Ummi, tafi kawai ka iya, sai ka jira a gama.

Bakano ya lissafa riba kaɗai,
Asarar da ya tafka yana ɓoyewa.

Ka tambayi zakinka Saragosa,
Da ƙofa ta rufe ya yi juyawa.

Sulaimanu ne ya kirawo shi can,
Husaini ya ce babu mai shigowa.

A hanyar gida, cikin wani kwazazzabo,
Mutanen duwatsu suka yi tarewa.

Suka kwashe kaya, suka kashe Rolan,
Duhu na shiga suka yi ɓacewa.

Ina zaki ranar, Alhajina?
Yana can gaba, baya na ƙonewa.

A 778 ke nan. Sulaimanu al-Arabi, mai riƙe da Basalona, shi ya taka har wurinsa ya gayyato shi su haɗu kan Abdurrahman, sarkin Andalus da ke Ƙurɗuba. Da aka iso Saragosa, Husaini mai garin ya ƙi buɗe ƙofa. Masu kwanton ɓaunar kuwa Baskawa ne, mutanen duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifen; Rolan ɗin da suka kashe kuma ɗaya daga cikin jaruman Sharlaman ne. Mawaƙan Faransa na baya ne suka maida laifin kan Musulmi.

Malam Mai Aruli:
Ɗiyata Gimbiya, tarihinki ya yi, amma awo ya zube. Alhaji da karin Mutaƙarib ya buɗe: "Da sunan Ta'ala nake farawa", gaɓa 11. Ke kuwa kinka ce "A hanyar gida, cikin wani kwazazzabo", gaɓa 13, ƙafa ta ukku ta karye. Da kin ce "A hanyar gida can a bakin tudu" da ya zauna daram.

Ɗiyata ki auna gabannin zuba,
Awon nan da shi ne ake ganewa.

Gwani ko da ya sha yabo gun mutane,
Idan baiti ya karye sai gyarawa.

Gimbiyar Zazzau:
Allah ya gafarta Malam, ka gyara ƙafa ka karya tarihi. A bakin tudu wa zai iya tare rundunar sarki? Matsatsiyar hanya ce tsakanin duwatsu, dawaki na bin juna ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka ci na baya. Kuma ban ji ka taɓa Alhaji ba. "Ƙanen ya wuce sai ƙasa tai haɗewa" gaɓa nawa ce? Na ƙirga 12. "Ya je Rum ya ceci Fafaroma Liyo" kuma fa, da sanda yake tafiya.

Malam Mai Aruli:
Na farkon cikakken Mutaƙarib ne, ƙafa huɗu ba ragi, 12 ɗin halal ce. Na biyun ya yi ɗingishi, amma sunan baƙo ya jawo, ana yi wa suna uzuri.

Gimbiyar Zazzau:
Uzuri na Kanawa, bulala ta Zagezagi. Mun gane, Malam.

Ɗan Kurmi:
Ku bar Malam ya yi aikinsa. Gimbiya, karɓi.

Idan ke kin raina Sharlaman,
Halifan Bagadaza ba ya rainawa.

Haruna Rashidu ya dubi sarakai,
Ya ce wancan shi za a kai wa giwa.

Abul Abbas ce ta ƙetare teku,
Ishaƙu Bayahude shi ke rakawa.

Ta sauka Italiya, sanyi ya tsare ta,
Da ya sassauta ta yi haurawa.

A birnin Ahen ta yi sallama,
Manya da yara ana tururuwa.

Ya ƙara da agogo na tagulla,
Ba lantarki, aikinsa da ruwa.

Ku fa a Zazzau, wa ya aiko muku?
Ko ɗan akuya ban ji an kawowa.

Giwar ta isa Ahen, fadar Sharlaman, a 802, agogon ya biyo a 807. Awa na cika sai ƙwallayen tagulla su faɗo su buga ƙararrawa.

Baban Ummi:
Shi ke nan, an gama! Giwa ta taka Zazzau.

Gimbiyar Zazzau:
Kyauta ba mubaya'a ba ce. Haruna da shi duk ba sa shiri da Umayyawan Andalus da Rumawan Gabas, siyasa ce ta haɗa su. Kuma tunda ka tono kambi:

Kambin nan da kake ta kuri da shi,
Kujerar Rumawa ba ta rasa kowa.

Airin ce a kai a Ƙustanɗiniya,
Suka ce mace ce, ba ta isa hawa.

Mu da muka san Amina a Zazzau,
Irin wannan hujja dariya take ba wa.

Ɗan Kurmi:
Airin ɗin da kike yi wa kirari,
Idon ɗanta ta sa aka yi ƙwaƙulewa.

Don ta zauna gado ita ɗaya tak,
In wannan ce gwanarki, sai ki riƙe wa.

Malam Mai Aruli:
"Take ba wa" da "riƙe wa" duka jan wuya ne don a kai ga amsa-amo. Ba wa wa? Riƙe wa wa? Ku biyun kun tashi canjaras.

Bamagare:
Salamu alaikum daga Damagaram. Na karanta tun daga sama, kowa na wasa. Ni zan sauya amsa-amo, Malam ya yi haƙuri.

Kuna ta batun giwa kun bar jini,
Na Saksawan da ya sha a zamani.

Ya sare gunkinsu Irminsul,
Ya ce da takobi a karɓi addini.

Dubu huɗu da ɗari biyar a Farden,
Aka fille kansu a cikin wuni.

Wanda ya ƙi baftisma, kisa,
Mai cin nama a azumi, shi ma jini.

Shekara talatin da ɗoriya ana yi,
Damina ta wuce a dawo da rani.

Gwarzo ne wannan ko ko mahauci?
Alhaji ba ni amsa, ban da raini.

Yaƙinsa da Saksawa, mutanen arewacin Jamus ta yau, ya fara a 772 bai ƙare ba sai 804. Kisan Farden a 782 aka yi, kuma adadin nan marubutan fadarsa ne suka ajiye shi, ba maƙiyansa ba. Jagoran Saksawa, Widukind, ya tsere a lokacin, sai a 785 ya miƙa wuya aka yi masa baftisma. Daga ƙarshe har kwashe mutane aka riƙa yi daga ƙasarsu ana kai su wani wuri. Alkuwin ma, babban malamin fadar, mutumin Yok ta Ingila, sai da ya rubuta cewa imani ba a cusa shi da ƙarfi, ya kuma koka kan ushirin coci da aka ɗora wa mutanen da ba su gama sanin addinin ba.

Gimbiyar Zazzau:
(washegari) Alhaji shiru? Ko giwar ce ta danne wayar?

Gimbiyar Zazzau:
Baban Ummi, kai ma tafin ya ƙare?

Ɗan Kurmi:
(bayan kwana biyu) Kaya nake saukewa, ba gudu na yi ba. Bamagare, taubashina, Farden ba ta wankuwa, ban kuma zo wanke ta ba. Amma ka kawo min sarki ɗaya na wancan ƙarni da ya haɗa daula da lallashi. Ni abin da ya bari nake dubawa.

Ya tara malamai daga ko'ina,
Makarantu a coci ya sa a buɗewa.

Littattafan da suka kusa ɓata,
Ya sa magatakarda suna ta kwafewa.

Ya aika wakilai bibbiyu lardi,
Su binciki hakimai masu zaluntawa.

Kuɗin azurfa ya daidaita su,
Awo guda kowa yake karɓawa.

Ku tambayi iyayenku fam da sule,
Daga wa Turawa suka yi koyowa?

Wannan na ƙarshen shi ne nawa. A tsarinsu fam ɗaya na azurfa ana buga ƙananan tsaba 240 da shi, 12 su ne sule, sule 20 fam. Ingila ta ɗauka, ta kawo mana. Da wannan lissafin kakanninmu suka yi ciniki a Kurmi har naira ta zo a 1973.

Gimbiyar Zazzau:
Na faɗa! An zaga an zaga an dawo kan kuɗi. An tambaye shi jini, ya kawo canji.

Allo a ƙarƙashin matashinsa yake,
Dare ya yi ya tashi yana gwadawa.

Hannun da ya saba da ƙotar takobi,
Alƙalami ya ƙi shi yana zillewa.

Kamar mai sai da littafi a Kurmi,
Ya san farashi, ba ya karantawa.

Ɗan Kurmi:
Bafadensa Ainhad da ya ba da labarin allon, shi ne dai ya ce yana jin Latin kamar harshen gidansu, yana kuma fahimtar Girkanci. Rubutun ne ya fara da girma. Sarki da furfura yana koyon baƙi cikin dare, ke kin mai da shi abin dariya, ni kuwa nan ya fi burge ni.

Uwar Biyu:
Maza kun cika zauren da takobi da kwabo. Ni gidansa na leƙa.

'Ya'yansa mata ya hana su aure,
Ya ce ba ya cin abinci sai suna zaure.

Ko tafiya ta kama shi sai da su tare,
Wannan ƙauna ce ko kuwa an ɗaure?

Rotrud an yi baikonta da ɗan Airin,
Aka fasa, ta zauna gida ta daure.

Barta ta haihu da mawaƙin fada,
Uban ya kau da kai, babu ɗaurin aure.

Yana rasuwa ɗansa Luwis ya hau, ya sallami 'yan'uwan nasa mata daga fada. Alhaji, ka lura dai, mawaƙin fada ne ya yi ɓarnar. Masu waƙe sarakuna a riƙa sa musu ido.

Gimbiyar Zazzau:
Yaya, Allah ya bar mana ke! Wannan ita ce waƙar mako.

Baban Ummi:
Ai dole ki yaba, mata kun haɗa kai. Alhaji ne dai a gaba.

Malam Mai Aruli:
An buɗe da "wa", Bamagare ya kai mu "ni", yanzu ga "re". Kuma Hajiya, baitocinki biyu na farko kowane ɗango na amsawa, na ukku da na huɗu kinka saki. Ɗango na biyu ma gaɓa 13 ne. Wannan ba musaya ba ce, kasuwar ƙauye ce.

Bamagare:
Malam, mutum 4,500 na kawo, kai gaɓa 13 ta dame ka.

Malam Mai Aruli:
Su an riga an kashe su, ba ni iya tashe su. Baitin kuwa yana gyaruwa.

Uwar Biyu:
To gyara mana, Malam, mu gani. Amma kada ka aurar da su don awo ya cika, yadda ka mayar wa Gimbiya kwazazzabo tudu.

Baban Ummi:
Ni fa tambaya gare ni tun shekaranjiya ba wanda ya kula ni. Giwar nan ina ta ƙare?

Gimbiyar Zazzau:
Madalla da ka tambaya, maigidanka ba zai faɗa ba.

Aka ba shi amana daga Bagadaza,
Ya ja ta yaƙi yankin Arewa.

Sarkin Denmak za a tara,
A bakin kogin Rain ta yi faɗuwa.

Shekara takwas kacal ta yi gunsa,
Ko giwa ba ta jure zama da Bakano... af, da Farankawa.

A 810 ke nan. Malam, na san na ƙarshen ya fi 13, ka bar ƙirgar.

Ɗan Kurmi:
Ajali ne ya kira ta. Shi kansa shekara huɗu ya ƙara, ya rasu a Ahen ranar 28 ga Janairu 814, aka binne shi a ranar. Likitoci sun daɗe suna ce masa ya bar gasasshen nama ya koma dafaffe, ya ƙi, har haushinsu yake ji. Gimbiya, amsarki na nan tafe bayan Magariba, in na dawo daga wurin mai tsire.

Uwar Biyu:
A nan kam kun yi kama. Sai mu ji ko Hajiya ta san da zancen tsiren.