Wai ta yaya yumɓun ƙasan teku yake nuna yanayin zamanin da?

Ɗan Aji Uku:
Salam 'yan uwa. Yau malaminmu na jiyoloji (ilimin duwatsu da ƙasa) ya ce wai da lakar da ake haƙowa a ƙasan teku ana gane ko wani zamani zafi da ruwan sama aka yi ko sanyi. Ni fa kaina ya ɗaure, laka ai laka ce, ta ina za ta ba da labari? Ga jarabawa ta matso.

Malam Duwatsu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara riƙe wannan: yawancin yumɓun nan ba a teku ya samu ba, a tudu dutse ya ruɓe, koguna da iska suka kwasa suka zuba. Inda zafi da ruwa suka yi yawa dutse ruɓewa yake sosai har ya bar kawolinait, farar ƙasa kenan irin ta Ƙanƙara a Katsina, inda kuwa sanyi ne ko fari farfashewa kawai yake sai ka ga wasu nau'o'in yumɓu, ilait da kulorait. Shi ya sa a tekun Atilantika kawolinait ya fi yawa kusa da ikwaita, layin tsakiyar duniya inda ake zafi da ruwa. Shekara miliyan 56 da suka wuce duniya ta yi wani mugun zafi, kuma a lakar wannan lokacin an ga kawolinait ya ƙaru a New Jersey ta Amurka har da gefen Antatika.

Yar Zinder:
Malam ka yi bayani amma kar ya haddace haka ya tafi. Kogi zai iya kwaso tsohon kawolinait da ya daɗe a kwance tun wani zamani ya zuba, kai kuma ka ce ai zafi aka yi. Sannan simektait, shi ma wani nau'in yumɓu, in ya nitse ƙasa sosai zafi yana mayar da shi ilait. Dole sai an haɗa da wata shaida, kamar ƙwayoyin furanni ko aisotof (nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi).

Basakkwace:
Ba sai kun je teku ba ma. Mu nan Sakkwato teku ya taɓa shanye mu, dutsen laimston na Kalambaina da ake yin siminti da shi a ruwan teku ya kwanta, a Dange kuma ana tono haƙoran kifin shak. Yumɓun wajen akwai nau'in da ake kira faligoskait, wanda ake dangantawa da bushewar yanayi.

Ɗan Aji Uku:
Haƙoran shak a Dange?? Na gode, amma simektait ɗin nan a wane yanayi yake samuwa tun farko?