Yaya za mu kira wasan "birij" da Hausa? Shirina ran Juma'a ne

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa shiri na minti goma kan Zia Mahmood, ɗan Pakistan da aka haifa a Karachi a 1946. Akanta ne da ya koma gwanin wasan karta da ake kira birij, har ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe na gasar Bermuda Bowl, wato gasar duniya ta wasan, a 1981, lokacin da ba wanda ke lissafi da ita. A 2009 kuma ya ɗauki kofin tare da tawagar Amurka a birnin São Paulo na Brazil. Labarin ya kammala, sunan wasan ne ya tsaye mini. Idan na ce "karta" kawai, mai saurare zai zaci 'yan caca nake yabo.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Ai ma'anar kalmar a Turanci gada ce. Ka ce wasan gada.

Hajiya mai fassara: Malam, a rediyo ne fa. Wa zai bambance gada da gaɗa idan mai karatu ya yi sauri? Sai a ɗauka wasan 'yan mata ne a dandali. Kuma sunan ba daga gadar kogi ya fito ba, an fi danganta shi da wani tsohon wasan karta mai suna "biritch".

Tsohon ɗan karta: Ɗana, ku fara duba yadda ake wasan kafin ku raɗa masa suna. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Karta 52, kowa 13. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi tayi: wannan ya ce za mu ci zagaye takwas (a kowane zagaye kowa na jefa karta ɗaya), wancan ya ƙara, har sauran su haƙura. Wanda tayinsa ya tsaya, ya ɗauki alkawari ke nan, in bai cika ba a ci su tara. Daga zagaye bakwai ake farawa har zuwa goma sha uku. Ni dai kartar tayi nake gani.

Malamin makaranta: To na janye gada. Amma tayi na kasuwa ne, Baba, yana rage wa abu daraja. Kartar alkawari ta fi, don alkawarin ne ya bambanta shi da wasan da ya gabace shi tun da wani Ba'amurke, Harold Vanderbilt, ya tsara sabon lissafinsa a 1925. Kuma don Allah a daina rubuta "birij". Har yaushe za mu riƙa cusa wa Hausa baƙin kalmomi muna da namu?

Hajiya mai fassara: Ita kanta "karta" daga ina ta zo, Malam?

Malamin makaranta: Ta daɗe ta zama 'yar gida. Wannan baƙuwa ce ta jiya.

Ɗan Maraɗi: A wajenmu belot ake bugawa, da karta 32, kuma ba wanda ya taɓa neman fassara sunan. Abin da ya fi damuna, me ya sa gwanin wata ƙasa zai samu minti goma, gwanayen dara na garuruwanmu ba wanda ya san sunansu?

Mai shirin rediyo: Gaskiyarka ɗan'uwa, kuma na ɗauki alkawarin shirin dara. Amma abin da ya ja ni ga mutumin nan shi ne wasan ya daɗe a hannun Amurka da Italiya, sai ga shi da abokansa daga Pakistan sun zo na biyu a duniya, suka kuma maimaita a wata gasar duniya mai suna Rosenblum a 1986.

Tsohon ɗan karta: Kan maganar caca, kada ka ɓoye wa jama'a, ya buga na kuɗi a kulob-kulob na Landan. Sai dai na gasa daban ne. Kartar da aka raba a tebur ɗaya ita ake kaiwa tebur na biyu, inda abokan tawagarka ke riƙe da kartar da abokan hamayyarku suka riƙe a teburinku, sannan a gwada sakamako. Sa'ar rabo ta fita ke nan, saura ƙwaƙwalwa. Ka bayyana wannan, ya fi suna muhimmanci.

Malamin makaranta: Suna ma yana da muhimmanci. Kartar alkawari.

Hajiya mai fassara: Alkawari yana da nauyin addini a kunnen Bahaushe, ban so a haɗa shi da karta. Ka ce "birij, wato kartar tayi" a farkon shiri, daga nan ka ci gaba da kartar tayi. Alkawari ya zauna ga abin da mai tayi ya ɗauka.

Malamin makaranta: Ban gamsu ba, amma tunda alkawari ya samu gurbi, shi ke nan. A ajina dai nawa zan koyar.

Mai shirin rediyo: Na gode, haka zan yi. Saura ɗaya: abokin mai alkawari yana shimfiɗa kartarsa a fili, ya zauna ba ya wasa. Na rubuta "ɗan kallo", ya yi?

Tsohon ɗan karta: Ɗan kallo ba ya cin riba ko asara, wannan kuwa yana ci. Ka bar ni in kwana da ita.