Muhawara: Yahudawan da suka zauna a ƙasashen Musulmi, baƙi ne ko 'yan gari?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ɓacin rai ne ya kawo ni yau. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, wani abokin aikina ya miƙe a gaban mutane ya ce tun da aka kafa duniya Musulmi da Bayahude ba su taɓa zama a gari ɗaya ba sai da takobi a tsakaninsu, da na so in gyara masa kuwa sai aka yi mini ca, aka ce karatun Turawa ya yi mini yawa. To, ga abin da tarihi ya nuna. Ingila ta kori Yahudawanta a 1290, Faransa ta kore su a 1306 ta sake korarsu a 1394. Ranar 31 ga Maris 1492, wata uku bayan faɗuwar Garnaɗa, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmi a Andalus, Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifen suka sa hannu a kan dokar da ta ce kowane Bayahude ya shiga Kiristanci ko ya bar ƙasar kafin ƙarshen watan Yuli. Da yawansu Fas suka nufa, da Tilimsan, da Tunis, da biranen Sarkin Turkiyya Bayazid na Biyu, wanda ya umarci gwamnoninsa su karɓe su. A Salonika, birnin da ke ƙasar Girka a yau, sun yi yawa har suka zama mafi rinjayen mutanen birnin, suna magana da tsohon Sifaniyancin da suka taho da shi, wanda ake kira Ladino, kuma sun shafe fiye da shekara 400 ƙarƙashin Turkawa. Wanda ya ƙarar da su shi ne Hitila, da sojojinsa suka kwashe su zuwa sansanin kisa na Auschwitz a 1943. Daga Maroko har Iraƙi, Yahudawa baƙi ne da Musulmi suka sauka a gidajensu lokacin da Turai ta rufe musu ƙofa, kuma ina roƙon masana da ke nan su taimake ni da ƙarin hujja in kai wa wancan mutumin.

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam, Malam. Duk abin da ka faɗa game da Sifen haka yake, amma da ka ce baƙi har Iraƙi, nan ne na kasa bin ka. Yahudawa sun isa Babila tun lokacin da Buhtanasar ya rushe Baitul Maƙdis a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kimanin shekara 1,200 kafin rundunar Musulmi ta shiga Iraƙi. Da Sarki Sairus na Farisa ya ba su izinin komawa, da yawa ba su koma ba, kuma a makarantunsu na Sura da Pumbedita aka tattara Talmud na Babila, kundin hukunce-hukuncen addininsu, wanda har gobe shi ne babban abin dogaron malamansu. A Yaman har sarauta suka yi, domin Zu Nuwas da ya hallaka Kiristocin Najran Bayahude ne, kuma malaman tafsiri da dama suna kawo labarinsa a bayanin Ashabul Ukhdud. A Madina ma Manzon Allah (SAW) ya tarar da Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza da ganuwoyinsu da gonakin dabinonsu. Ta yaya wanda ka tarar a gari zai zama baƙonka?

Bakatsine:
Hajiya, da girmamawa, Malam bai yi kuskure ba ko kaɗan. Su da bakinsu suke kiran zamansu a wajen ƙasarsu gudun hijira, duk inda suke Ƙudus suke fuskanta idan za su yi addu'a, kuma a ƙarshen cin abincin idinsu na ƙetarewa suna cewa baɗi a Ƙudus. Mutumin da ya shekara dubu a wuri yana faɗin baɗi zai koma gida, ai shi ya kira kansa baƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma mun ga yadda raɓar ta ɗauke: Yahudawan Yaman kimanin 49,000 aka kwashe a jiragen sama tsakanin 1949 da 1950, na Iraƙi fiye da 120,000 suka bi su a 1950 da 1951.

Ɗan Damagaram:
Ɗan'uwa Bakatsine, ka san inda maganarka za ta kai ka kuwa? Idan ka ce Bayahuden Bagadaza baƙo ne a Bagadaza, na Fas baƙo ne a Fas, to ka amsa da bakinka cewa gidansa yana wani wuri, kuma wannan ita ce ainihin hujjar masu aƙidar Sahayoniyanci da aka kori Falasɗinawa da ita a 1948. Duk mai ƙaunar Falasɗinawa ya kamata ya zama na farkon da zai ce Bayahuden Iraƙi ɗan Iraƙi ne. Ministan kuɗi na farko na ƙasar Iraƙi, Sassoon Eskell, Bayahude ne, Larabci ne harshen Yahudawan Iraƙi a gida da kasuwa, kuma ba raɓa ba ce ta ɗauke haka kawai: a watan Yunin 1941 an far musu a unguwanninsu na Bagadaza kwana biyu ana kisa da wawashe dukiya, daga baya aka yi dokar da ta ce wanda zai fita sai ya bar shaidarsa ta ɗan ƙasa, aka kuma riƙe dukiyoyinsu.

Bakatsine:
Kai kuma wa ya naɗa ka mai auna ƙaunar da mutane ke yi wa Falasɗinawa? Ni ina cikin masu alƙunutu saboda mutanen Gaza tun kafin ka shigo wannan zaure, saboda haka ka janye wannan magana, domin jingina wa Musulmi aƙidar Sahayoniyanci ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Damagaram:
Ban jingina maka komai ba, Yaya. Na nuna maka ne inda hujjarka ta dosa, kuma har yanzu ba ka amsa ba.

Malam Na Zariya:
Ku yi haƙuri in shigo tsakani. Kowa a cikinku yana riƙe da wani yanki ne, domin a Maroko su kansu Yahudawan sun raba kansu gida biyu. Waɗanda suke ƙasar tun kafin Musulunci, wasunsu a tsaunukan Atlas suna magana da harshen Barbar, ana kiransu Toshabim, wato mazauna. Waɗanda suka zo daga Sifen a 1492 ana kiransu Megorashim, wato korarru. A Fas ɓangarorin biyu sun daɗe kowa da wurin ibadarsa, har sun yi shekaru suna jayayya a kan ƙa'idojin yanka, musamman yadda ake duba huhun dabba kafin a halatta namanta, kuma a ƙarshe ra'ayin korarrun ne ya yi rinjaye saboda yawan malamansu da dukiyarsu. Saboda haka akwai baƙi a cikinsu, akwai 'yan gari.

Inda nake so Baban Khadija ya yi hattara shi ne kada ya kai wa abokin aikinsa rabin labari. Gaskiya ne a Ƙurɗuba Hasdai bin Shaprut ya zama likita kuma jakadan Halifa Abdurrahman na Uku, a Garnaɗa kuma Isma'il bin Nagrila ya zama waziri har yana jagorantar yaƙi. Amma a wannan Garnaɗar aka kashe ɗansa Yusuf tare da jama'a masu yawa daga Yahudawan birnin a 1066. Musa bin Maimun, malamin da babu kamarsa a wurinsu, an haife shi a Ƙurɗuba, kuma daular Muwahhidun ce, wadda ta soke alƙawarin zimma, ta sa iyalinsa suka bar Andalus, suka zauna a Fas, daga baya suka tare a Masar, inda ya zama likitan fadar Ayyubawa har ya rasu a 1204. Daga hannun wasu Musulmi ya gudu, wasu Musulmin suka karɓe shi. Zaman zimma kariya ce ta rai da dukiya da addini bisa biyan jiziya, tare da ƙasƙanci a wasu hukunce-hukunce, kuma ya fi abin da suka gani a Turai ta wancan zamani nesa ba kusa ba, amma bai hana wani sarki ko wani malami ya juya musu baya ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, inda a daidai shekarun da ake korarsu daga Sifen Shehu Magili ya sa aka rushe wurin ibadarsu na Tamantit, aka kashe wasu, sauran suka watse.

Ɗan Sharifai:
Allah gafarta Malam, a nan kam ka taɓo inda bai kamata ba. Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Al-Magili shi ne ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafin yadda ake mulki bisa shari'a, kuma zuriyarsa na nan a cikin birni ana girmama su har yau. Waliyyin Allah irin wannan ba a sako sunansa a jerin masu kisa. Yahudawan Tuwat sun karya sharuɗɗan zimma, sun kama kasuwancin sahara sun shige jikin masu mulki, shi kuwa Shehu hukunci ya zartar. Kakana ya sha ba mu labarinsa, kuma ban taɓa jin wani malamin Kano ya zarge shi ba.

Malam Na Zariya:
Sharifi, ni ban ƙwace wa Shehu darajarsa ba, kuma ba Bature ne ya fara saɓa masa ba. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al-Asnuni, shi ya tsaya ya ce ba a rushe wurin ibadar ba. Aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, wasu irin su At-Tanasi suka goyi bayan Shehu, wasu irin su Ibn Zakri suka saɓa masa, kuma Al-Wansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi a cikin Mi'iyar, wanda duk babban malamin Malikiyya ya sani. Bayan haka, lokacin da Shehu yake Gawo wurin Askiya Muhammadu, labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, ya nemi a kama mutanen Tuwat da ke ƙasar, sai Malam Mahmudu bin Umar na Tambutu ya ƙi yarda, ya ce ba a kama mutum da laifin da bai aikata ba. Saɓani ne na malamai a kan mas'ala, kuma wanda ya ambace shi bai zagi kowa ba.

Ɗan Sharifai:
Ku Zazzagawa dama kun daɗe kuna neman abin da za ku rage wa Kano. Da malamin Zariya ne, da ba ka tono wannan ba.

Maman Sadik:
Subhanallah, ina ruwan Zariya da Kano a maganar Tamantit? Kuma Sharifi, labarin Tuwat ɗin nan ma ya ƙarfafa maganata ce, domin Yahudawan wurin sun yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci da sana'ar ƙira a wannan zango kafin Shehu ya taso daga Tilimsan ya sauka a cikinsu.

Baban Khadija:
Jama'a, ni fa hujja na zo nema a kan wanda ya ce ba a taɓa zama tare ba, sai ga shi an bar ni an koma kan Gaza da Kano da Zariya. Babu wanda ya ce uffan a kan Salonika, babu wanda ya ambaci Sarki Muhammadu na Biyar na Maroko, wanda Yahudawan ƙasar ke tunawa da alheri har yau saboda tsayin da ya yi musu a gaban gwamnatin Vichy ta Faransa mai ɗasawa da Hitila, kuma kundin tsarin mulkin Maroko na 2011 ya ambaci gadon Ibrananci a cikin abubuwan da suka gina ƙasar. Wannan nake so a faɗaɗa mini.

Bakatsine:
Maroko ɗin da kake yabo, Malam, tana da Yahudawa kimanin 250,000 a 1948, yau kuwa 'yan dubbai kaɗan ne suka rage, akasarinsu a Kasabalanka. Da 'yan gari ne, da ba su tafi ba, kuma har yanzu ina jiran Ɗan Damagaram ya janye abin da ya faɗa a kaina.

Shugaban Zaure:
To, jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Abin da ya tabbata daga bayanan masana shi ne Musulmi sun saukar da Yahudawa sun kyautata musu lokacin da Turawa suka kore su, kuma Baban Khadija yana iya kai wa abokin aikinsa wannan da ƙarfin gwiwa. Maganar baƙi ko 'yan gari, Bakatsine ya kawo hujja daga bakin su kansu Yahudawan, wadda ban ga an ture ta ba, ko da yake Hajiya ta yi ƙoƙari da nata bayanin. Game da Shehu Magili, Allah ya ƙara masa yarda, ni a unguwar da ke maƙwabtaka da zuriyarsa na tashi, kuma ra'ayina shi ne irin waɗannan mas'aloli na manyan malamai ne, ba a baje su a zauren da yara ke karantawa, don haka ina roƙon Malam Na Zariya ya goge saƙonsa na biyu. Ɗan Damagaram kuma ya nemi afuwar ɗan'uwansa a keɓe. Daga yanzu duk wanda ya sake ɗago maganar Tuwat zan fitar da shi na tsawon mako guda.