Wace irin bindiga ce a hannun kakanmu a wannan tsohon hoton?

Ɗan_Tudunwada:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin kayan soja ku taimaka. Akwai wani tsohon hoton kakanmu, Allah ya jiƙansa, yana tsaye da kaki da gajeren wando da hula mai faɗin baki, ya dogara bindiga a ƙasa, katako ya rufe ta tun daga gindi har baki, ƙarfen bututun ma ba a ganinsa, ga wata doguwar banati a kai. A gida kowa cewa yake Mak 4 ce kuma yaƙin Biyafara ne, gwaggona kaɗai ta kafe wai Bama ya je, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu.

Abu_Sadik:
Mak 4 ce mana, irin wadda 'yan sanda ke rataye da ita a da, indai ka ga katako da ɗan magazin gajere ai magana ta ƙare.

Malam_Bature:
A'a malam Abu, a yi a hankali. Mu nan duk bindigar da muka ga katako sai mu ce Mak 4, alhali Lee-Enfield ta Ingila iri-iri ce. Harsashinsu ɗaya, 303, kowace tana cin 10, kuma duk harbi ɗaya sai ka ja ƙarfen baya ka sake ɗanawa, amma bakinsu ya bambanta. Mai lamba 4 ɗin, wato Mak 4 ɗinmu, bututunta ya ɗan leƙo waje, saitinta na baya yana can kusa da idon mai harbi, banatinta kuma gajera ce kamar ƙatuwar ƙusa. Ɗan_Tudunwada, wadda ka kwatanta, mai dakusasshen baki da doguwar banati, yayarta ce, ana ce mata SMLE, tun yaƙin duniya na ɗaya ake fama da ita. Ni dai ina bayan gwaggo. Duba kafaɗarsa da kyau, runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma da aka kai Bama a 1943 tambarinta gizo-gizo ne, ta 82 kuma mashi biyu a gicciye da gammo.

Hauwa_Kawo:
Na karanta wa Babanmu wannan, shi a 1968 ya shiga soja, ya ce in rubuta muku. Wai a Daffo na Zariya da Mak 4 aka koya musu harbi, kuma ja'irar akwai shuri, in ba ka manna gindinta sosai a kafaɗa ba ranar da kumburi za ka kwana. Bayan harbi tafasasshen ruwa suke ɗurawa ta bututun don kar ta yi tsatsa, sannan a ja tsumma da igiya, saje ya ɗaga ya leƙa ta rana, in ya ga datti sai gadirun, lambar bindigarka kuwa ko cikin barci aka tashe ka dole ka kawo ta, har yanzu bai manta tasa ba, yana ta maimaita mana muna dariya. Da aka tura su fagen daga sai aka ba shi FN mai cin 20, ya ce ta fi sauri nesa ba kusa ba amma tsawonta na wahalarwa a cikin kurmi kuma ba ta son ƙasa ko kaɗan. Wasu abokansa BM59 suka riƙe, wadda ake haɗawa a masana'antar makamai ta Kaduna. Ya ce a zamaninsu bai ga mai irin wannan hular da doguwar banati ba.

Ɗan_Tudunwada:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, a gaishe mana shi. Malam Bature na sa kyamarar waya na ƙara girman kafaɗar, akwai wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa, gizon ne kenan. Yau gwaggo ba za ta bar mu mu sha ruwa ba. To su 'yan 81 ɗin a wane yanki na Bama suka yi yaƙin?

Malam_Bature:
Yankin Arakan, kwarin kogin Kaladan, da sojan Japan suka gwabza.