Kashin kajina ya mayar da ruwan kududdufi kore, ya zan yi?

Mai_Kaji:
Salam 'yan uwa. A bayan keji nake tara kashin kajina, daga gangare kuma akwai kududdufi, bana da aka yi ruwa mai ƙarfi sai na ga wani baƙin ruwa na tsiyaya daga jujin yana shiga ciki, ba a jima ba ruwan ya koma kore shar kamar an zuba fenti, da asuba kifaye su taso sama suna haki har wasu sun mutu. An ce min wai fosfaras ne. Abin ya dame ni wallahi don ba ni kaɗai ke amfani da ruwan ba. Ya ake maganinsa tun daga takin?

Injiniya_Ruwa:
Wa'alaikas salam. Fosfaras ɗin ne malam, wani sinadari ne da ke cikin kashin kaji, shi ne abincin gansakuka, in ta yi yawa ta ruɓe sai ta cinye oksijin ɗin ruwan, shi ya sa kifin ke haki. Kada ka raina abin, a 2014 a Toledo ta Amurka sai da aka hana mutane shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda gubar gansakukar tafkin Erie. Fara da ɗauke jujin daga hanyar ruwa ka rufe da tamfol. Sannan alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, ana barbaɗa garinsa a shimfiɗar kajin, yana kama fosfaras ɗin ya hana shi narkewa a ruwan sama, har warin amoniya ma yana ragewa. Amma ka sa safar hannu da takunkumi, alif ɗin yana cin fata.

Mai_Kaji:
Na gode yallaɓai. To in na bar takin ya ruɓe sosai fa, fosfaras ɗin ba zai ragu ba?

Uwar_Garke:
A'a ɗan uwa, nan ake kuskure. Naitirojin, wani sinadarin taki da shuka ke buƙata, shi ne ke bin iska, fosfaras ba inda zai je, tulin ne kawai ke raguwa shi yana nan. Ni daga abinci na gyara, kaji ba sa iya narkar da yawancin fosfaras ɗin hatsi sai ya fito a kashi, amma in akwai fitas a abincin, wato sinadarin da ke taimaka musu narkar da fosfaras ɗin, suna amfana da shi, ka duba jikin buhu. Kuma a gona in za ka bi buƙatar naitirojin ka yi ta zuba takin kaji to fosfaras zai yi ta taruwa shekara bayan shekara, ka kai ƙasar a auna. Kada ka watsa in hadari ya haɗo, in ka watsa ka yi huɗa ka rufe, bakin kududdufin kuma ka bar ciyawa ta yi kauri ta riƙa tare laka.