Yadda ake gane ma'adinai, abin da na tsinta a wata hira

A hirar da aka yi kan yadda za ka gane irin dutsen da ka tsinta, kusan kowa ya yarda kan abu ɗaya, wato kar ka yarda da kala. Kwaz, wani ma'adini mai ƙyalli kamar gilashi, shi kaɗai yana zuwa fari, ruwan hoda, shuɗi-shuɗi har da baƙi, to ka ga kala sai ta yaudare ka.

Tauri aka fi daɗewa a kai. Ma'aunin tauri na Mohs, wanda wani Bajamushe Friedrich Mohs ya fitar a 1812, daga 1 yake zuwa 10, talk, dutse mai laushi da ake hoda da shi, shi ne na ƙasa, daimon na sama, kwaz na 7. Farcenka wajen 2.5 ne, gilashi kuma wajen 5.5, so in dutsen ya karci gilashi ka san ya fi shi tauri, amma fa ka goge wurin da yatsa tukuna, don wani lokacin garin dutsen ne ya manne ba karta ba.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne goga dutse a bayan tayil mara sheƙi. Pirit, wanda ke ruɗin mutane da zinare, baƙin layi yake bari kuma guduma na farfasa shi, zinare kuwa layinsa rawaya ne, lanƙwashewa yake. Kalsait, ma'adinin da ke cikin dutsen da ake siminti da shi, yana kumfa in an ɗiga masa asid, magnetait, wani baƙin ma'adinin ƙarfe, maganaɗisu na jan sa.

Aka ce kuma ka tambayi inda aka tsinto shi. Narkakken dutse in ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa ƙwayoyinsa manya suke fitowa, in aman wuta ya watso shi waje sai su yi ƙanana. Gishiri da jifsam, farin ma'adinin da ake filasta da shi, su kuwa ƙafewar ruwa ce ke barin su.